NA KOWA NE, KO BA NA KOWA BA NE?



'Yan'uwa masu albarka, akwai maganganu biyu a bakinmu da suka yi kusa da juna, har mutum yakan tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya bai lura ba. Mukan ce abu "na kowa ne". Mukan kuma ce abu "ba na kowa ba ne". Kalmar dai ɗaya ce, kowa, sai "ba" guda biyu da aka sa mata gaba da baya. Amma ta farko tana nufin masu abin suna da yawa, ta biyu kuwa tana nufin babu mai shi. Wanda ya riƙe ta farko zai taka a hankali, don ya san cikin haƙƙin mutane yake tafiya. Wanda ya riƙe ta biyu zai yi abin da ransa ya so. Ni dai a ganina, ɓarna mai yawa a duniya ta faro ne ranar da mutum ya kalli abin kowa ya ce ba na kowa ba ne.

Yau ina so mu gwada wannan magana a wani wuri mai nisa da mu, inda babu ɗan sanda, babu maƙwabci, babu mai ɗaukar ka hoto. Wurin shi ne ɗan ƙaramin tsibiri a tsakiyar ruwa.

A ƙasashen arewacin Turai da Amurka da Kanada akwai mutanen da hutunsu shi ne su shiga ɗan siririn kwale-kwale na mutum ɗaya, wanda ake kira kayak, su tuƙa da hannunsu har zuwa wani tsibiri da ba kowa a kansa, su kafa tanti su kwana. Asalin wannan jirgi na mutanen Inuwit ne, mazauna Girinland da arewacin Kanada, waɗanda suke haɗa shi da itace ko ƙashi su lulluɓe da fatar dabbar ruwa don farauta. Na yanzu da roba ko makamancinta ake yi, tsawonsa kamar mita 5, faɗinsa kuwa da kaɗan ya wuce rabin mita. Wasu ma ba jirgi suke hawa ba, wani faffaɗan allo ne da ake tsayawa a kai ana tuƙi da filafili, wanda ya yaɗu daga tsibiran Hawayi. Su ɗaure kayansu a kan allon su kama hanya.

Ka ga jirgi irin wannan ba ya ɗaukar kayan banza. Tsibirin da ke cikin teku galibi ba shi da ruwan sha, gishiri ne ya kewaye shi ta ko'ina. Dole matafiyi ya ɗauki ruwansa, kimanin lita 4 a kowace rana, kuma kowace lita kilo guda ce da hannunsa zai tura. Ga tanti, ga abinci, ga ɗan risho, ga rigar da ke hana nitsewa. Mai ƙarfi yakan yi tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya idan iska ba ta tare shi ba. In ya isa, sai ya ja jirgin can sama ya ɗaure, domin ruwan teku yana cikowa yana janyewa kusan sau biyu a yini, kuma wanda ya bar jirginsa a bakin ruwa zai wayi gari ya tarar ruwa ya tafi da shi.

To, ya kwana. Gari ya waye. A gabansa ga gwangwanin da ya ci abin ciki, ga leda, ga toka, ga sauran shinkafa, ga kuma abin da kowane ɗan Adam yake fitarwa da safe. Ba mai ganin sa. Ba wanda ya san ya zo, ba wanda zai san ya tafi. Wataƙila har ya mutu ba zai sake taka wannan tsibiri ba. Tambayata ita ce: akwai wanda yake bin sa bashi a wannan wuri? In akwai, wane ne?

Zuciya tana da amsoshi, kuma ta iya tsara su. Mu saurare ta, kada mu yi mata kwaf ɗaya.

Amsarta ta farko: ai ba wanda na cuta. Zalunci yana buƙatar wanda aka zalunta, nan kuwa daga ni sai dutse. Wannan magana tana da kama da gaskiya, sai dai ta ginu a kan cewa mutumin da ba ya gabanka yanzu, babu shi ke nan. Amma akwai shi. Yana gidansa yana duba taswira, yana tara kuɗin tafiya, ranar Asabar mai zuwa zai iso da ɗansa. Zai tuƙa awa uku, hannunsa ya yi kanta, ya sauka a inda ka sauka, domin tsibiri ƙarami sau da yawa wurin sauka ɗaya gare shi, wurin kafa tanti ma ɗaya. Abin da ka bari shi zai fara tarar da shi. Tsakaninka da shi kwana bakwai ne kawai. Da a ce yana tsaye a gabanka, za ka watsa masa shara a ƙafa? Ba za ka yi ba. To me ya canza? Fuskarsa ce kawai ba ka gani. Wanda ka cuta yana nan, sai dai cutar ce za ta jira shi. Mai haƙa rami a hanya da dare bai san wa zai faɗa ba, amma ba mai hankalin da zai ce bai cuci kowa ba.

Amsarta ta biyu: ai nawa kaɗan ne. Gwangwani ɗaya me zai yi wa tsibiri? Wannan ma sai mun san yadda tsibiri yake kafin mu amsa. A gaɓar tekun jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka, tsibiran dutse ne da ƙasa 'yar siririya a kai, wadda ta ɗauki shekaru aru-aru kafin ta taru daga ruɓaɓɓen ganye. Idan aka hura wuta a kan irin wannan ƙasa, wutar takan shiga cikin saiwoyi ta ci gaba da ci a ɓoye, bayan mai ita ya zuba ruwa ya tafi yana ganin ya kashe. Kuma babu motar kashe gobara da za ta zo tsibiri. Shi ya sa masu bin ƙa'ida ko dai su haƙura da risho, ko kuma, inda aka yarda, su hura 'yar wuta can ƙasa a wurin da ruwa zai rufe idan ya ciko. A tsibiran Suwidin kuma ana gargaɗin mutane kada su hura wuta a kan tsurar dutse, don zafi yakan fasa shi, kuma dutsen da ya fashe ya fashe ke nan. Mu muna cewa hali zanen dutse. To can halin mutum na dare ɗaya yakan zama zanen dutse na gaske.

Ga kuma tsuntsaye. Akwai wata agwagwar teku da ke kwanci a ƙasa a kan waɗannan tsibirai. Mutum ya sauka kawai, bai jefe ta ba, bai taɓa sheƙarta ba, sai ta firgita ta tashi. Kafin ta dawo, wasu tsuntsayen teku masu kwaɗayi sun fasa ƙwan sun shanye. Shi yana can yana ɗaukar hoto, bai ma san an yi ba. Saboda haka ne ake rufe wasu tsibiran Maine daga watan Afrilu har ƙarshen Agusta, kuma a Suwidin ma akwai tsibiran da aka hana sauka a kansu lokacin kwancin tsuntsaye. Ka ga ke nan "nawa kaɗan ne" ba ya aiki a wurin da shi kansa kaɗan ne. Kuma kowa da ya zo, nasa kaɗan ne. Tarin kaɗan ɗin nan ne yake zama juji.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi ba ni mamaki a lamarin nan, ku yi haƙuri da lafazin. A daji na kan tudu, ƙa'idar masu yada zango ita ce mutum ya yi nisa da ruwa kamar mita 60, ya tona ɗan rami, ya biya buƙatarsa ya binne. A ƙaramin tsibiri ba za ka samu wannan nisa ba, kuma ƙasar ba ta da zurfin da za a tona. Saboda haka a tsibiran Maine abin da ake nema ga matafiyi shi ne ya yi bahayarsa a cikin leda ta musamman ko wani mazubi mai murfi, ya ɗaure, ya sa a cikin jirginsa, ya koma da ita gaɓa. Kai jama'a! Mutum da darajarsa, wataƙila likita ne ko alƙali, ya ɗauko ƙazantarsa ya sa kusa da ƙafarsa ya yi tuƙin awa uku da ita, saboda wani baƙo da ba zai taɓa sanin sunansa ba. Ba wanda zai bincika jirginsa in ya isa. Da ya bar ta bayan wani dutse, wallahi ba mai sani.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin tsarki, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Tun a ladubban biyan buƙata aka hana mu yin ta a kan hanyar mutane, da inuwar da suke hutawa, da mashayarsu. Ku lura da waɗannan wurare uku. Dukkansu ba gidan wani ba ne. Dukkansu lokacin da kake aikata abin, babu kowa a wurin, in da akwai ai ba za ka tsuguna ba. An hana ne saboda wanda zai zo bayanka. Ke nan tun daga darasin farko an koya mana cewa wanda bai iso ba tukuna yana da haƙƙi, kuma inuwar da ba ta da mai ita inuwar kowa ce.

Amsar zuciya ta uku ita ce mafi ƙarfi: to in na gyara, wani zai zo ya ɓata, me na ci? Ni kaɗai zan zama wawa? A nan ba zan yi musu da baki ba, zan kawo abin da ya faru. A shekarar 1988 aka kafa wata ƙungiya a Maine, aka buɗe hanyar ruwa wadda daga baya ta faɗaɗa ta bi gaɓar jihar kusan kilomita 600, daga kudancinta har iyakar Kanada. Yau akwai wuraren sauka fiye da 200 a kan wannan hanya. Wasu na gwamnati ne, amma da yawa mallakin mutane ne da iyalai da ƙungiyoyi. Mutum yana da tsibirinsa, halalinsa, sai ya yarda baƙin da bai taɓa gani ba su zo su kwana, bisa amana cewa za su bar wurin yadda suka same shi. Ranar da ya ga an ci amanar, yana da ikon ya janye, kuma in ya janye kowa ya rasa. Shekaru sama da 30 ke nan abin yana tafiya. 'Yan sa-kai sukan fita da jirage su kwashe shara daga tsibiran, kuma mafi yawan sharar ma ba masu kwana ne suka zubar ba, teku ce take koro ta: igiyoyin masunta, robobi, kwalabe. Suna kwashe abin da ba su suka zubar ba.

To ka ga wanda ya ɗauki ledarsa ba wawa ba ne. Shi ne yake riƙe da ƙofar a buɗe. Kowane dare da aka kwana aka tashi ba a bar komai ba, mai tsibirin yana ƙara samun dalilin barin na gaba ya shigo. Amanar da ka tarar, wasu ne suka tara ta kafin ka zo, ba ka biya ko sisi ba. Kana iya ƙara mata, kana iya cinye ta.

A Suwidin da Norwe abin ya ma fi haka faɗi. Can akwai tsohuwar al'ada da suke kira haƙƙin kowa, wato kowane mutum yana da izinin ya ratsa daji ko gaɓar ruwa, ya kafa tanti ya kwana, ko da ƙasar ta wani ce, matuƙar bai shiga harabar gida ko gona ba. Norwe ta rubuta shi a doka a 1957, da sharaɗin ka nisanci gidan da ake zaune a ciki da mita 150, kuma kada ka wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba da izini ba. Suwidin ta ambace shi a tsarin mulkinta a 1994. A gaban birnin Sitokholm kaɗai akwai tsibirai da duwatsu kusan 30,000. Wace hukuma ce za ta sa mai gadi a kan kowanne? Babu. Abin yana tsaye ne a kan sharaɗi biyu da ake koya wa yara tun suna ƙanana: kada ka dami kowa, kada ka lalata komai. Ku duba sunan da suka ba abin. Haƙƙin kowa suka ce. Da sun ce ƙasar ba ta kowa ba ce, da tuni an gama da ita.

Na san wani zai ce: Malam, wannan duk daɗin baki ne, ɗan Adam ba ya jin magana sai da bulala, a kafa doka kawai a ci tara. Ban raina wannan ra'ayi ba, domin shi ma yana da shaida. A Sikotlan an yi doka a 2003 da ta ba mutane izinin yada zango a kusan ko'ina a daji. A gaɓar tafkin Loch Lomond, wanda ba shi da nisa da birnin Gilasgo, sai wasu suka mayar da izinin lasisin ɓarna. Su zo da mota, su sha su bugu, su sare ɗanyun itatuwa su hura wuta, su tafi su bar tantin a kafe da shara da ƙazanta. Abin ya kai a 2011 aka hana kwana a wani yanki na gabashin tafkin, a 2017 kuma aka faɗaɗa dokar, ya zama daga Maris zuwa Satumba akwai wuraren da ba ka kafa tanti sai da takardar izini ko a wurin da aka keɓe. Wa ya yi asara? Har da mutumin kirki da bai taɓa yar da ko ashana ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, haka muke cewa, amma a abin tarayya wani ne yake ɗebowa, bakin kowa ya ƙone.

Saboda haka doka tana da wurinta, kuma mu ma mun san wannan a tarihinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza, har ya naɗa mai kula da makiyaya. Ba a bar komai ga zuciyar mutane kawai ba. Amma ku lura da iyakar doka. Tana aiki ne inda mai gadi zai iya kaiwa. Gaɓar da mota take isa, jami'i ma zai isa da motarsa. Tsibirin da sai an yi tuƙin awa uku fa? Can doka takarda ce a aljihu. Abin da ya rage shi ne abin da mutum ya zo da shi a ƙirjinsa. Kuma kullum doka tana zuwa ne bayan amana ta mutu, kamar yadda ake kiran mai ɗori bayan ƙafa ta karye. Gara a ce akwai mai ɗorin, amma ba wanda yake fatan buƙatarsa.

Wani kuma zai fito ta ɗaya ɓangaren ya ce: in dai haka tsibirin yake da rauni, ai mafi alheri kada a je gaba ɗaya. A bar wa tsuntsaye kayansu. Wannan gaskiya ne a wasu wurare da wasu lokuta, shi ya sa ake rufe tsibiran kwanci, kuma wanda ya ga alamar hani ya wuce ya nemi wani wurin, ya yi daidai ko da hannunsa ya gaji. Amma ban yarda a mayar da ita ƙa'ida ga ko'ina ba. Ɗan Adam ba zai rayu bai taka ƙasa ba, bai ci ba, bai fitar ba. Ba a neme mu da mu daina amfani da duniya ba, an neme mu da mu iya amfani da ita. Kuma waɗanda suke fita kwashe shara a tsibiran nan, ai waɗanda suka taɓa kwana a kansu ne. Mutum ba ya wahala a kan abin da bai sani ba.

Wani malami na Andalus, Ibn Ɗufail, likita ne da ya rasu a Marrakesh a 1185, ya rubuta wani ƙagaggen labari mai suna Hayyu bin Yaƙzan, a kan yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Ba ina kawo littafin don a ɗauki aƙida daga cikinsa ba, abu ɗaya nake so. Da yaron ya girma hankalinsa ya cika, sai ya sa wa kansa ƙa'idar ci. Yakan ci 'ya'yan itacen da suka nuna, kuma ba ya jefa ƙwallon a kan dutse ko wurin da ba zai tsiro ba. In zai ɗiba, yakan ɗiba daga abin da ya fi yawa, don kada ya ƙarar da wani iri. In ya ga tsiro yana neman ruwa ko wani abu ya danne shi, sai ya taimaka masa. Babu ɗan Adam ko ɗaya a tsibirin da zai yaba masa ko ya zarge shi. Marubucin yana nuna cewa hankali mai lafiya, ko shi kaɗai ne a duniya, zai gane cewa abin da ya tarar ba shi ya yi shi ba, don haka ba nasa ba ne da zai lalata. Yau fiye da shekara 800 da rubuta wannan, masu kwale-kwale a Maine da Suwidin suna bin kusan wannan ƙa'ida, ko sun san littafin ko ba su sani ba.

A nan ne nake ganin amsar tambayarmu take. Mai kwana a tsibiri ana bin sa bashi ta fuska uku. Wanda zai zo bayansa yana bin sa. Halittun da ke zaune a wurin, waɗanda shi baƙo ne a gidansu, suna bin sa. Sannan Wanda ya halicci tsibirin yana bin sa, kuma Shi ba ya buƙatar mai gadi ya kai masa rahoto. Babu taƙi ɗaya a bayan ƙasa da ba shi da mai shi. Abin da muke kira "ba na kowa ba" suna ne kawai da muke sa wa abin da masu shi ba sa nan lokacin da muka iso.

Akwai kuma wani abu da wannan misali ya koya mini game da alheri kansa. Mu mun saba da alherin da ake gani. A haƙa rijiya a sa allo da suna. A raba buhu a ɗauki hoto. Ban ce duk mai yin haka riya yake yi ba, Allah ne masanin zukata. Amma ku dubi alherin mai tsibiri. Cikarsa ita ce kada a gane an yi shi. In na bayansa ya iso ya ga wurin tas, ciyawa a miƙe, babu toka, babu wari, zai ɗauka ne shi ya fara zuwa. Ba zai ce Allah ya saka wa wanda ya riga ni ba, don bai san an riga shi ba. Iyakar ƙwarewarka a wannan aiki, iyakar ɓacewar sunanka. Mai ɓarna shi ake tunawa, don ya bar shaida. Mai gyara kuwa ba ya barin komai, har da abin da za a gode masa a kai. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan kwana a kan ganye, rana na fitowa ta tafi, ganyen bai karye ba. Wanda ya iya irin wannan baƙunta, ya iya wani abu da yawancinmu muke fama da shi, wato yin daidai ba tare da jiran ko kallo ba.

Kada wani ya ce wannan wasan masu kuɗi ne na Turawa, ina ruwanmu. Wataƙila ba za ka taɓa hawa irin jirginsu ba, amma kana sauka a tsibiri kusan kullum. Bayan gida na masallaci ko na tasha, idan ka rufo ƙofa, tsibiri ne: kai kaɗai ne, kuma akwai mai shigowa bayanka. Ɗakin haya da za ka tashi daga cikinsa ƙarshen wata, tsibiri ne. Famfon unguwa da ka tarar yana zuba da tsakar dare, littafin da ka aro daga ɗakin karatu, kwatar da ke bayan gidanka wadda ruwanta yake gangarawa unguwar da ba ka san kowa ba, kujerar ofis da za ka bar wa wanda ba a ma naɗa ba tukuna, duk tsibirai ne. A kowannensu zuciya za ta kawo maka amsoshin nan uku, ba ta canza ko ɗaya: ba wanda na cuta, nawa kaɗan ne, wani ma zai ɓata. Kuma a kowannensu akwai mutumin ranar Asabar, yana hanya.

Ba na jin za a gane mutum a cikin taro. A taro kowa yana da kunya, kuma kunya alheri ce, amma wani lokaci kunyar idon mutane ce kawai. In kana so ka san kanka, duba abin da kake yi da sharar da ba wanda ya ga ka zubar. Matakin farko, kada ka bar naka. Mataki na biyu, ka ɗauke na wani in ka tarar, kamar masu kwashe abin da teku ta koro, kuma mun san matsayin kawar da ƙazanta daga hanya a addininmu. Mataki na uku shi ne mai wuya: ka yi duk wannan, ka dawo gida, kada ka ba kowa labari.

Allah ya sa mu zama baƙin da ba sa ɓata masauki. Allah ya gyara mana ɓoyenmu fiye da bayyanenmu, ya yafe mana haƙƙin waɗanda muka cuta ba mu san fuskarsu ba. Amin.